Tsohuwar Da Ba Ta Iya Rubutu Ba, Amma Ta Bar Littafi

A ƙarshen shekarar 1949 wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna a Giwa, ƙasar Zazzau, tana rubuta abin da wata tsohuwa ke faɗa mata. Sunan tsohuwar Baba, mutuniyar Karo. Ba ta iya riƙe alƙalami ba, ba ta kuma taɓa riƙe sarauta ba. Sun yi kamar mako shida suna wannan zama. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, har yau kuwa ana karanta shi a jami'o'in duniya.

To, me ya ba labarin nan armashi? Baba ba ta tsaya yabon kanta ba. Ta faɗi aurenta huɗu, da yadda ta fita daga gidan mijin fari don ba ta son sa. Ta faɗi cewa Allah bai ba ta haihuwa ba, sai riƙon 'ya'yan dangi. Ta ba da labarin mahara da suka kama 'yan uwanta aka fanso su da wuri, da yadda bayin gidansu suka watse bayan zuwan Turawa. Ƙawance, kishi, biki, bori, duk ta zayyana yadda ta gan su. Da yawa daga littattafan manya kuwa, sai ka iske jerin muƙamai ne da ranakun taro, mai karatu ya yi ta hamma.

Irin su Baba suna nan birjik. A Kwadon, bakin hanyar Gombe zuwa Biu, akwai dattawan da suka ga isowar jirgin ƙasa Gombe a 1963, suka ga zamanin auduga, suka ga an ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996. 'Ya'yansu da suka biyo motar albasa da tumatir zuwa Mile 12 a Ikko ko Sabo ta Badun su ma suna da nasu: kuɗin motar farko, wanda ya ba su masauki, ranar da kaya suka ruɓe a hanya, jari ya karye.

Yaran da aka haifa a Kurmi, waɗansunsu Yarabanci ya fi zama a bakinsu, ba su san ko ɗaya ba. Mary Smith takarda da alƙalami kawai ta riƙe. Yau kusan kowane ɗan kasuwa yana da wayar da ke ɗaukar murya a aljihunsa, ga kuma Sallah tana mayar da mutane gida.