Fitar da Iska Daga Sabuwar Silindar Kuloci Kafin a Ɗaura Ta

Ba aikin hakimi ba ne ya shiga ƙarƙashin mota da sufana, ba kuma na malaminsa ba. Amma da yake hakimi ne ke ba da izinin gyara, malami kuma shi ke rubuta kuɗin, ya kamata su san abin da aka biya dominsa. Sau da yawa akan sayo sabuwar silindar kuloci daga Kano a kawo Tofa, a ɗaura, direba ya taka, giya ta ƙi shiga. Sai a ce kayan jabu ne, a sake aikawa birni. Alhali kuwa sau tari kayan lafiyarsu lau, iska ce aka bari a ciki.

Ga yadda abin yake. Land Rover ta farko, wadda ta fito a 1948, da sandunan ƙarfe kulocinta ke aiki, amma daga ƙirar 1958 aka koma ga mai. Haka Peugeot 504 wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, haka kuma Toyota Hilux. Silinda biyu ne. Ta sama tana haɗe da abin da direba ke takawa, ta ƙasa tana jikin gidan kuloci, bututu ya haɗa su cike da man birki. In an taka, ta sama ta turo mai, mai ya tura fistan na ta ƙasa, shi kuma ya raba inji da giya. Asirin duka shi ne mai ba ya matsuwa: yadda aka danna shi a sama, haka zai danna a ƙasa, kamar yadda Pascal mutumin Faransa ya bayyana a ƙarni na 17. Iska kuwa tana matsuwa. In ta sami wuri a ciki, ƙarfin ƙafar direba a kanta zai ƙare, fistan ya motsa kaɗan, giya ta yi ta ƙara.

To, sabuwar silinda fanko take zuwa, iska ce cike da ita. Shi ya sa gwanin makanike yakan cika ta tun tana hannu. Zai riƙe ta yadda 'yar kusar nan mai rami, wadda ake kwancewa iska ta fita, za ta kasance a sama, gama kullum iska sama take nema. Sai ya sa ɗan tiyo mai tsabta a ƙofar shigar mai, ya tsoma bakinsa cikin kwalbar man birki sabo. Ya danna fistan a hankali, ya sake shi a hankali. Za a ga kumfa na tasowa cikin kwalba. Haka zai yi ta yi har kumfa ta ɗauke. A nan gaggawa ke ɓata aiki, don wanda ya danna da ƙarfi sai ya farfasa iskar ta zama ƙananan ƙwayoyi masu wuyar fita. Daga nan ya toshe ƙofar, ya ɗaura, ya haɗa bututu.

Bayan an ɗaura akwai sauran aiki na mutum biyu. Ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya kwance kusar, mai da iska su fita, ya ɗaure kafin a ɗaga ƙafa. Kada a bar kofin mai na sama ya ƙafe, in ya ƙafe an koma gidan jiya. Kada kuma a taka alhali silinda tana reto ba a ɗaure ta ba, fistan zai yi tsalle waje. A wasu motoci silindar takan yarda a ɗaura ta a kife, kusar tana ƙasa. Wanda ya yi haka ko ya wuni yana takawa iska ba za ta fita ba.

Sai a lura, a motocin zamani da yawa silindar tana can cikin gidan kuloci, ba a kai gare ta sai an sauke giya. Irin wannan, a bi takardar da ta zo da ita, don wasu masu ƙera ta sun hana a danna ta a bushe.

Batun mai kuma, malamai su sa ido. Wanda aka rubuta a murfin kofi, DOT 3 ko DOT 4, shi za a sayo, a kwalba rufaffiya. Man birki yana shan raɓa daga iska, saboda haka kwalbar da ta yi damina a buɗe ba ta da amfani. Man inji kuwa, ko ɗigo ne, yana kumbura roba ya kashe silinda. Da hunturu a yi aikin cikin rumfa saboda ƙura.

Motar da ke kai hatsi Dawanau, ita ce za a nema da tsakar dare in haihuwa ta yi gardama a Doka ko Lambu. Saboda haka kafin a sallami makanike, a tada inji a gaban malam, direba ya taka kuloci ya sa ribas. In ta shiga ba ƙara, kuma da safe ba a ga ɗigon mai a ƙarƙashin mota ba, malam ya rubuta ranar da aka yi aikin da irin man da aka zuba, sa'an nan a biya.