Mai Awon Hazo

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da masunci zai tsaya a bakin Matan Fada a Argungu ya kasa hango tsallaken fadama, rana ta koma fara fat, kowa na iya kallonta ido da ido. Jama'a su ce hazo ya sauka, wasu su ce buji, kowa ya ja rawani ya rufe hanci ya kama harkar gabansa. Akwai mutum guda da ba a yarje masa ya tsaya a kan "ya sauka" ba. Aikinsa shi ne ya mayar da hazon nan lamba: mita nawa ido ke kaiwa, kuma me ya tare shi.

Shi ne mai duba yanayi, ma'aikacin hukumar NiMet, wadda doka ta kafa a 2003. A jihar Kebbi inda maganarsa ta fi nauyi shi ne filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Ana koyon sana'ar a makarantar hukumar da ke Oshodi a Legas, akwai wata kuma a Katsina. Kayan aikin ba su da ban tsoro: farin akwatin katako mai tagogi da ma'aunan zafi a ciki, ɗaya busasshe, ɗaya an naɗe masa jiƙaƙƙen ƙyalle, mazubin awon ruwan sama, 'yan kofuna masu juyawa a kan sanda mai tsawon mita 10. A hunturu tazarar da ke tsakanin ma'aunan nan biyu takan buɗe sosai, don iska ta bushe ƙayau. Yau na'urori masu aiki da kansu sun karɓi yawancin wannan karatu. Awon nisan gani ne har yanzu ya fi dogara ga idon mutum.

Yadda ake yi kuwa, kowace tasha tana da taswirar alamomin da aka san nisansu: wancan gini, waccan hasumiyar waya, wancan tudu. Mai duba yanayi ya fito fili, ya juya gabas da yamma, kudu da arewa, ya ga wace alama ce ta ƙarshe da yake iya rarrabewa. Da dare fitilu ne alamominsa. Sai ya rubuta a rahoton da ake kira METAR, wanda ke fita kowace sa'a ko rabin sa'a, da agogon GMT. Idan ya sa 0800 DU, ya gaya wa matuƙi ke nan cewa ƙura ta game ko'ina, ido bai wuce mita 800. HZ hazo ne, FU hayaƙi. Da gani ya gaza mita 1,000, hukumar kan kira shi hazo mai kauri, kuma daga nan ne fasinja ke fara jin an ɗage tashi. Sukan zagi kamfani. Da wuya wani ya san akwai mutumin da ya fita cikin jaura da asuba ya ƙyafta ido ya yanke hukuncin.

Ƙurar ba ta Kabi ba ce. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin da ya ninka Tafkin Chadi na yau sau da yawa. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta kwashi farar ƙasar da ta taru daga ɓawon ƙananan halittun ruwa, kusan kwana 100 a shekara. Tsofaffin ma'aikata rahoton tashar Faya-Largeau suke jira: in gani ya faɗi a can, to a shirya, cikin kwana ɗaya ko biyu baƙuwa ta iso arewacin Najeriya.

Yanzu ana ganinta tun tana tashi, har cikin tsakar dare, kuma nan ne sana'ar ta haɗu da wani ilimi mai daɗin ji. Akwai hasken da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800, ana ce masa infirared. Mu kira shi hasken ɗumi. Shi ne abin da mai guga ke ji idan ya kai tafin hannu kusa da dutsen guga bai taɓa ba. Kowane abu yana fitar da shi gwargwadon zafinsa, ƙasa ma haka, dare da rana. Hasken da muke gani tsawon zangonsa tsakanin maikuron (wani ƙanƙanin ma'aunin tsawo) 0.4 da 0.7 ne, na ɗumin ƙasa kuwa ya fi ƙarfi wajen maikuron 10. Ƙwayar ƙurar Sahara, mai 'yan maikuron kaɗan, tana da girman da zai iya tare duka biyun, kuma ma'adinan yashi da yumɓun da ke cikinta suna shanye ɗumi sosai a tsakanin maikuron 9 da 10. Hayaƙin ƙona karan shinkafa a fadama ba haka yake ba. Ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙanta ainun, suna dushe rana, amma hasken ɗumi na ratsa su kusan ba tangarɗa. Abin da ido ke haɗawa ya kira hazo, ɗumi na raba shi gida biyu.

Da wannan bambanci taurarin ɗan'adam na Meteosat ke aiki, daga nisan kilomita kusan 36,000. Samfurin da aka fara harbawa a Agustan 2002 yana ɗaukar hoton Afirka kowane minti 15. Ana gwada abin da ya gani a maikuron 8.7 da 10.8 da 12.0. Ƙura ta fi shan ɗumi a 10.8 fiye da 12.0, siririn girgijen ƙanƙara kuwa akasin haka yake yi. Da an haɗa ukun a hoto guda, sai ƙura ta fito da launin hoda mai haske, tana malalowa daga Chadi ta kan Nijar. Masu hasashe a Abuja da Kano da cibiyar ACMAD ta Yamai irin hoton da suke dubawa ke nan.

To me ya rage wa mutumin Ambursa? Da yawa. Tauraro bambancin zafi yake karantawa tsakanin ƙura da ƙasar da ke ƙarƙashinta. Ƙurar hunturu kuwa ƙasa-ƙasa take tafiya, ba kamar ta bazara da ke hawa kilomita 4 ko 5 ba, don haka da dare zafinta da na ƙasa sukan yi kusa, launin hodar ya dushe, alhali a titin jirgi ba a ganin ƙarshen kwalta. Ko da hoton ya fito rangaɗau, ba zai ce mita 800 ba ne ko 3,000, kuma a tsakanin lambobin nan biyu saukar jirgi take. A ganina duk wanda ya ce na'ura ta kashe sana'ar nan bai taɓa kwatanta hoton da rahoton ƙasa ba.

Masu bincike ma ƙasa suke komawa. A Banizumbu, gabas da Yamai, da Jami'ar Ilori, akwai na'urorin tsarin AERONET na hukumar NASA da ke bin rana suna auna yawan hasken da ƙura ta cinye, tun shekarun 1990. A 2006 Amurkawa sun girke tashar awo a filin jirgin Yamai shekara guda, sai ga gagarumar guguwar ƙura a farkon Maris. Hasken rana da ke isowa ƙasa da tsaka ya ragu da kimanin wat 250 a kowace murabba'in mita. Awon ya kuma nuna ƙura na mayar wa ƙasa wani kaso na ɗumin da take fitarwa. Ashe sanyin asubar hunturu da ke rage wa irin shinkafar rani kuzari a fadamar Argungu ba laifin hazo ba ne kai tsaye: bushewar iska ce, babu tururin ruwan da zai riƙe ɗumi, sai ya tsere sama. Hazo ma ɗan rage asarar yake yi.

Aikin dai na karɓa-karɓa ne, ba Sallah ba Juma'a, kuma sunan mai yinsa ba ya fita a rediyo. A Afrilun 2025 ma'aikatan NiMet sun tafi yajin aiki kan albashi da haƙƙoƙinsu. Ba a daɗe ba kamfanin Air Peace ya sanar da dakatar da tashin jiragensa a faɗin ƙasar, ya ce ba zai tashi ba tare da rahoton yanayi ba.