Bairos da Sankara: Ɓarnar da Ba Ta Amfanar Mai Yin Ta

Wanda ya ƙetare gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai zuwa Haro Banda zai iske jami'ar Abdou Moumouni da babban asibitin Lamorde suna maƙwabtaka. A tsangayar koyon aikin likita ta jami'ar aka buɗe kundin rajistar masu sankara na Nijar a 1992. Kundin ya nuna sankarar hanta ce a sahun gaba wajen maza, ta bakin mahaifa kuma tana cikin waɗanda suka fi addabar mata. Galibin masu waɗannan cututtuka biyu, ƙwayar bairos ce mafarin ciwonsu.

Abin da ɗaure kai. Bairos ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin jikin wata halitta. To, wane baƙo ne zai rushe ɗakin da aka sauke shi?

Masana sun daɗe da sanin cewa hakan na faruwa. A 1911 Peyton Rous ya nuna a Amurka cewa wani bairos na sa wa kaji ƙari. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, kuma a 1964 aka ga bairos ɗin Epstein-Barr a cikinta. Zuwa yau an tabbatar da aƙalla bairos 7 masu jawo wa ɗan Adam sankara. Sai dai fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da Epstein-Barr, kuma kusan dukkansu za su tsufa ba tare da ya yi musu komai ba. Da sankara ce hanyar cin abincinsa, da ba haka lissafin zai kasance ba.

Amsar tana cikin yadda halittu ke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya: dabarar da ta taimaki bairos ya kai ga mutum na gaba ita ke wanzuwa. Wasu, irin na ƙyanda, sauri suka riƙa: su shiga, su yaɗu, su fita cikin makonni. Wasu kuma zama suka zaɓa na shekara da shekaru, kuma daga cikinsu masu sa sankara suke.

Zama yana buƙatar dabara. Bairos ɗin HPV, wanda Harald zur Hausen ya gano nau'insa na 16 da na 18 a sankarar bakin mahaifa a 1983 da 1984, ba shi da kayan kwafin kansa, sai ya tilasta wa ƙwayar fata ta ci gaba da aikin rabuwa bayan lokacinta ya wuce. Ƙwaya mai lafiya tana da furotin p53, wanda kan tsayar da ita ko ya kashe ta in ta kauce hanya. HPV na lalata shi da furotin ɗinsa E6, ya kuma ɗaure wani mai suna Rb da E7. A yawancin mata garkuwar jiki na share bairos ɗin cikin shekara 2. A kaɗan daga cikinsu yakan daɗe, wani lokaci gutsurensa ya maƙale a cikin kayan gadon ƙwayar. Daga nan ƙwayar ba ta daina rabuwa, shi kuwa ba ya iya fitar da 'ya'ya ko ɗaya. Ƙarin da ya taso kabarinsa ne.

Ciwon hanta nau'in B, wanda mutane kan haɗa da shawara saboda rawayar ido, ya fi kusa da gida, don Nijar na cikin ƙasashen da fiye da kashi 8 cikin 100 na manya ke ɗauke da shi. Tsohon abokin zama ne: an tsinci kayan gadonsa a ƙasusuwan mutane masu shekara 7,000 a Jamus. Babban da ya kamu, fiye da kashi 90 cikin 100 jikinsa zai kore shi. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kuwa, kusan kashi 90 cikin 100 zai zauna da shi har abada, yana yaɗa shi ba tare da alamar ciwo ba. Shekara 20, 30, 40, garkuwar jiki na kashe ƙwayoyin hanta, hanta na sake tsiro, kurakurai na taruwa. In aka ƙara da gubar aflatoksin ta gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, wadda ita ma p53 take illatawa, haɗarin sai ya ninka.

Kafin ciki ya kumbura a kawo magidanci asibiti, bairos ya riga ya ƙetare ga 'ya'ya da ƙannai tuntuni. Mutuwar da ta zo bayan an gama yaɗuwa ba ta rage masa zuriya, shi ya sa dubban shekaru ba su tace wannan aibi daga jikinsa ba.

Wannan dogaro da ƙuruciya shi ne lagonsa. Taiwan ta fara yi wa jarirai riga-kafi a 1984, sankarar hanta ta ragu sosai a yaranta. Gambiya ta bi sahu a 1986, Nijar kuma ta sa shi cikin allurar yara mai haɗe da riga-kafin cuta 5 a 2008. Wannan allura sai jariri ya yi mako 6 ake fara ta, saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ke son a yi allurar farko ta riga-kafin hanta cikin awa 24 da haihuwa, tun uwa ba ta bar ɗakin haihuwa ba.