Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi a Bayanin Maganin Gilakoma Mai Tsiron Jijiya

1.0 Gabatarwa

A manyan asibitocin Birnin Tarayya, irin su Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, sau da yawa Hausa ce ke haɗa likita da majinyacin da ba ya jin Turanci, ko Bahaushe ne ko Gbagyi ko Gwandara. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyin magance wani mugun nau'i na gilakoma, tare da nuna inda kalmomin yau da kullum kan ɓatar da majinyaci. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa gilakoma ce ta biyu, bayan yanar ido, wajen makantar da 'yan shekara 40 zuwa sama a Nijeriya.

2.0 Sunan Cutar

Sunan da ya yaɗu a kafofin watsa labarai shi ne hawan jinin ido. Amma abin da ke hawa ba jini ba ne. Wani ruwa ne garai-garai da ido ke samarwa a cikinsa, yana kuma fitar da shi ta wata magudana. Idan magudanar ta toshe sai matsi ya ƙaru, ya riƙa kashe jijiyar gani. Da a ce hawan ruwan ido, to amma ruwan ido ya riga ya zama karin magana mai nufin kasa zaɓe. Saboda haka an fi son matsin ruwan cikin ido.

Nau'in da ake magana a kai kuwa, akasari ciwon sukari ne ke jawo shi, ko toshewar babbar jijiyar da ke kwashe jini daga tantanin gani, watau shimfiɗar da ke can ƙuryar ido mai karɓar haske. Idan jini ya gaza wa tantanin, sai ya saki wani sinadari da ke sa sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari su tsiro, su yaɗo kamar yabanya har su rufe magudanar. A nan ma akwai sarƙaƙiya, domin kalmar jijiya a Hausa ta ƙunshi ta jini da ta saƙo da ta nama. Wajibi ne a riƙa ɗafa mata bayanau: jijiyar jini ce ke tsirowa, jijiyar gani ce ke mutuwa.

3.0 Hanyoyin Magani

3.1 Kashe Tushen Cutar

Mataki na farko shi ne hana tsiron. Ana yin allura a cikin ƙwayar ido da magani irin su Avastin, wanda aka fara amfani da shi ta wannan hanya a 2005. Yakan motsar da jijiyoyin cikin 'yan kwanaki, amma ƙarfinsa na makonni ne. Abin da ke ɗorewa shi ne ɗosa hasken leza a gefunan tantanin gani don rage bukatarsa ta jini. Ana iya kiran wannan sakiyar leza, domin Bahaushe ya san sakiya: ƙuna ce da ake yi don neman lafiya.

3.2 Sauke Matsi

Matsin lafiyayyen ido yana tsakanin awo 10 da 21. Ana sauke wanda ya haura da magungunan ɗigawa irin su timolol da dorzolamide, ko ƙwayar acetazolamide. Akan ƙara da atropine don rage zogi, akan kuma guje wa pilocarpine saboda yana ƙara kumburi.

3.3 Tiyata

Idan magudana ta riga ta rufe, ɗigawa ba ta wadatarwa. Likita kan huda wa ruwan sabuwar mafita, sai dai a wannan nau'i takan toshe da tabo. Shi ya sa aka fi dasa siririn bututu, kamar bawul ɗin Ahmed. Idon da ya daina gani kuwa, akan ƙona sashen da ke samar da ruwan da leza don a raba majinyaci da azaba.

4.0 Kalmar Aiki

Babban haɗarin yana cikin furucin za a yi maka aiki. Majinyaci ya saba jin an yi wa wane aikin yana ya warke, ido ya buɗe. Aikin gilakoma tsare ragowar gani yake yi, ba ya komo da wanda ya tafi. Wanda ba a faɗa wa haka ba sai ya ɗauka aikin ya ɓaci, ya yanke zuwa asibiti, ya rasa ɗan abin da ya rage. Ya kamata a bambance aikin buɗe gani da aikin tsare gani.

5.0 Kammalawa

Littafin Hausa Metalanguage na 1990 ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi. Fannin ido na bukatar irin wannan aiki, inda masana harshe da likitoci za su zauna tare, ƙarƙashin hukuma irin NERDC da ke Sheda, a kuma gwada kowace kalma a kunnen majinyata kafin a tabbatar da ita.