Tsakiyar Kaka: Ado, Tarihi da Batun Magani

Duk wanda ya tsaya gaban ɗan koli a kasuwar Gure, ko wata kasuwa tsakanin Damagaram da Diffa, zai ga duwatsun wuya rataye reras, yawancinsu roba da gilashi. A gefe guda, cikin ɗan gwangwani ko ƙullin tsumma, akan sami ƴan ƙwayoyi jajaye masu nauyi waɗanda ba a fito da su sai mai saye ta nuna ta san kaya. A nan ne harshen ɗan kolin ke sauyawa: "Hajiya, wannan na Makka ne. Yana tsayar da haɓo, yana kare bakin mutane." Dutsen da yake magana a kai shi ne tsakiya, wanda Larabawa ke kira aƙiƙ, kuma danginsa ne lantana da talhatanar da Abzinawa ke ratayawa. Dutse ne mai daraja ta gaske, kuma tarihinsa ya fi abin da ɗan kolin ya sani nisa. Sai dai ba ya tsayar da jini, kuma babbar shaidar hakan ba daga ɗakin binciken Turai ta fito ba, tana cikin tarihin kasuwanninmu.

Masana duwatsu suna kiran wannan dangi gaba ɗaya kalsidoni, sunan da ake dangantawa da tsohon garin Kalsidon da ke gefen Istanbul na yau. Abin da ke cikinsa silika ne, wato sinadarin da ke cikin yashin da iska ke turowa kan kwaruruwan dabino na ƙasar Gure, kuma shi ne ke cikin ƙanƙarar da ake bugawa da ƙyastu. Bambancin yana wajen yadda aka gina shi. A cikin kalsidoni, silikar ta daskare ne a matsayin zaruruwa ƙanana ainun, waɗanda ido ba ya gani, sun sarƙe da juna kamar saƙar tabarma. Yawanci yana samuwa a cikin ramukan da iska ta bari a jikin dutsen da ya fito daga aman wuta: ruwa mai ɗauke da silika ya riƙa tsattsafowa cikin ramin, yana barin shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ramin ya cika. Layukan da ake gani a jikin tsakiya idan an ɗaga ta ga rana su ne waɗannan shimfiɗu. Taurinsa ya kai shida da rabi zuwa bakwai a ma'aunin Mohs mai hawa goma, don haka wuƙar gida ba ta karce shi, gumi da sabulu ba sa cin sa. Shi ya sa ƙwaya ɗaya ke iya ratsa wuyan mata biyar, daga kakar kaka zuwa jika, ba ta dusashe ba.

Launi kuwa baƙo ne a jikinsa. Tsantsar kalsidoni fari ne ko ruwan toka, wani lokaci da ɗan shuɗi. Idan ɗan burbushin ƙarfe ya shiga, irin wanda ke sa jar ƙasa ta yi ja, sai a sami aƙiƙ mai ruwan goro ko ja; idan ya ƙara duhu ya koma ruwan ƙasa. Sinadarin nikel ne ke ba da mai kore shar. Mai layin baƙi da fari shi Larabawa ke kira jaza'u. Wanda ƙasa ta yi masa yawa har haske ba ya ratsa shi, kamar mafi yawan lantana, shi ma ɗan gida ne. Akwai kuma koren da ke da ɗige-ɗigen ja, wanda mutanen Turai na da suka yi wa laƙabi da dutsen jini. Sunaye ne da yawa a kan abu ɗaya.

Mafi yawan tsakiyar da ta shigo ƙasashenmu a ƙarnukan baya an fi danganta ta da garin Kambat na jihar Gujarat a Indiya, yankin da aka shafe fiye da shekara dubu huɗu ana sana'ar. Ana haƙo dutsen a wajen Ratanpur, a shanya shi a rana, sannan a zuba cikin tukwane a gasa. Gashin ne ke mayar da ruwan ɗorawar da ke jikinsa ja, ma'ana ko jan da ake wa kirari, hannun mutum ne ya ƙarasa shi. Waliyyin da masu sana'ar ke girmamawa, Bawa Gor, al'adarsu ta ce daga Afirka ya je. Daga Kambat kaya kan bi teku zuwa Yaman da Jidda da Masar, daga can alhazai da fatake su ɗauko. Gure tana kan hanyar da ta haɗa Borno da Damagaram, ita ce matafiyi Heinrich Barth ya bi a ƙarshen 1852 lokacin da garin ke hedkwatar masarautar Muniyo, don haka da ɗan koli ya ce "na Makka ne" ba lallai ƙarya yake yi ba: ta Makka kayan suka biyo, ko da ba can aka haife su ba. Tsufan wannan sha'awa a Afirka ta Yamma ma ba ƙarami ba ne. A Igbo-Ukwu ta Nijeriya, inda masanin kayan tarihi Thurstan Shaw ya fara tono a 1959, an sami duwatsun ado sama da dubu ɗari da hamsin na gilashi da aƙiƙ, na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. Kuma ba saye kaɗai muka yi ba. Jan dutsen da masu sana'ar Ilori suka riƙa hudawa suna yin lantana a ƙarni na 19, fataken Hausawa ne ke kai musu shi daga wajen Kirtashi a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Nijar ta yau, daga Ilori kuma ya wuce fadojin sarakunan Yarabawa da na Bini.

Abin da ya faru a ƙarni na 19 shi ne gwajin da babu wanda ya shirya. Garuruwan Idar da Oberstein na Jamus, waɗanda suka daɗe suna sassaƙa irin wannan dutse, nasu ya fara ƙarewa, sai ƴan ƙasarsu da suka yi ƙaura suka gano shi jibge a kudancin Barazil, aka fara jigilarsa a shekarun 1830. Dutsen Barazil yawanci ruwan toka ne, ba ya jan ido. Amma kalsidoni yana da ƙananan ƙofofi tsakanin zaruruwansa, yana shan ruwa a hankali, Jamusawan kuwa suka ƙware wajen rina shi. Don a sami baƙi, a jiƙa dutsen cikin ruwan zuma ko sukari makonni, sannan a dafa shi cikin ruwan asid mai ƙarfi, zumar da ta shige ciki ta ƙone ta zama gawayi. Don a sami ja, a jiƙa shi a ruwan gishirin ƙarfe a gasa. Suka kwaikwayi siffofin Kambat, har da talhatana mai zobe a sama da tsini a ƙasa, suka turo miliyoyin ƙwayoyi zuwa Afirka da ƙasashen Larabawa. Bayansu masu gilashi na garin Jablonec a ƙasar Cek suka zo da nasu, wanda ake zubawa a mazubi, ya fi araha nesa ba kusa ba. To, ga tambayar: cikin waɗannan shekaru fiye da ɗari da hamsin, da rinanne da gilashi suka cakuɗe da na asali a wuyan mata da hannun maza, an taɓa jin cewa haɓo ya daina jin magani, ko baki ya fara kama masu ratayen gilashi fiye da masu na Kambat? Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane, amma a wannan fage kamar ta yi aikin wanen tsaf. Idan kwalba mai launi tana ba da sakamako iri ɗaya da dutse, to sakamakon ba daga dutsen yake fitowa ba.

Ba mu muka ƙirƙiro camfin ba, gadonsa muka yi tare da kayan. Ahmad al-Tifashi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253, ya rubuta littafi kan duwatsu masu daraja, kuma cikin amfanin da ya jero wa aƙiƙ akwai tsayar da jini da kwantar da fushi. Tunanin a bayyane yake, kuma an yi irinsa a ko'ina cikin duniya: abin da ya yi kama da jini, zai yi maganin jini. Wani zai ce ai kanwa ma daga ƙasa ake ɗibarta, a kwaruruwan Manga ɗin nan, kuma kowa ya san tana kwantar da ƙwannafi. Me zai hana wani dutsen yin nasa aikin? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin ƙwarya. A jefa kanwa a ruwa, ta narke, ɗanɗanon ruwan ya sauya, ta shiga ciki ta ci karo da tsamin tumbi. Saboda tana aiki ne ma yawanta ke yin ɓarna, kamar yadda likitocin Zariya suka nuna tun shekarun 1970, lokacin da suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. A jefa tsakiya a ruwan, a dawo bayan shekara, tana nan yadda take. Abin da ba ya narkewa, ba ya ratsa fata, ba ya fitar da wani turiri, ba shi da ƙofar da zai bi ya kai ga jijiya.

Sai kuma hujjar da ta fi nauyi a zuciyar mutane, cewa kakanni sun gwada sun gani, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Sun gani ɗin, ba a musu. Abin da suka gani shi ne an ɗora dutse a goshin yaro mai haɓo, bayan ɗan lokaci jinin ya tsaya. Sai dai haɓo, in ba mai tsanani ba, da kansa yake tsayawa cikin ƴan mintoci, balle in an zaunar da yaron ya natsu. Da cokali aka ɗora masa, da cokalin ya sami kirarin. Natsuwar da mai zoben aƙiƙ ke ji ita ma gaskiya ce, amma an auna daga inda take zuwa. A 2001 Christopher French na kwalejin Goldsmiths da ke Landan ya raba wa mutum 80 duwatsu, wasu na gaske wasu na gilashi, ba tare da sun san wanne ne a hannunsu ba, bayan an gaya wa wasunsu irin abin da za su iya ji. Masu riƙe da gilashin sun ba da labarin ɗumi da tsikar jiki daidai da masu riƙe da na gasken.

Ta fuskar addini kuma ana yawan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Ado da wannan dutse ya tabbata: a hadisin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, sarƙar da ta ɓace mata ta jaza'un garin Zafar na Yaman ce, kuma Imam Muslim ya ruwaito cewa zoben azurfar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da dutse na Habasha, wanda wasu malamai suka fassara da aƙiƙ ko jaza'u. Amma ruwayoyin da ke cewa zoben aƙiƙ yana kore talauci ko yana jawo sa'a, malaman hadisi irin su Ibnul Jauzi sun sa su cikin ƙagaggu. Wanda ya sa zoben don ado yana da madogara. Wanda ya jingina lafiyarsa da arzikinsa gare shi, sai ya nemi wata hujjar.

Saura masu cewa in bai yi amfani ba, ai bai cutar ba. Ga haɓon yaro, haka ne. Ga mace mai zubar da jini bayan haihuwa, duk mintin da aka ɓata ana neman dutse a ƙasan adudu, daga ranta aka cire shi, musamman a ƙauyukan da sai an yi doguwar tafiya cikin rairayi kafin a kai gidan likita. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma Nijar tana da abin nunawa a wannan fanni: shirin da aka fara a 2014, na ba da ƙwayar misoprostol da wasu matakai biyu masu sauƙi a cibiyoyin lafiya, ya rage mace-macen da wannan matsala ke jawowa da fiye da rabi, kamar yadda mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2023. Abin takaici, tasiri ɗaya da aka tabbatar kalsidoni na yi wa jikin mutum na ɓarna ne, kuma ba kan mai rataya yake faɗawa ba. Masu goge dutsen a Kambat suna shaƙar ƙurarsa, tana taruwa a huhu, tana haddasa cutar silikosis wadda ba ta da magani, kuma ta kashe da yawa daga cikinsu.

Wanda ya cire batun magani bai rage wa tsakiya komai ba. Tsohuwar ƙwaya ta gaske, idan aka ɗora ta a kunci za a ji sanyinta ya daɗe, ta fi gilashi jinkirin ɗaukar ɗumi. Idan aka leƙa hudarta, sau da yawa za a ga an huda ta ne daga ɓangare biyu, ramukan sun haɗu a tsakiya da ɗan karkace, bakin ramin kuma ya lotsa saboda shekarun da zare ya yi yana cin sa. Ta gilashi takan nuna ɗan layin mazubi a gefe, da ƙananan kumfa a ciki. Irin waccan ta farko ce dillalan kayan tarihi ke bi gida-gida suna nema, domin masu tara ta a Turai da Amurka da Asiya suna biyan kuɗin da mai sayarwa a ƙauye ba ta taɓa jin labarinsa ba. Wadda ke da ita a cikin kayan gado, kada ta rabu da ita a kan ƴan dalolin da dillali ya fara tayawa. Ta tambayi tsofaffin gida daga hannun wa ta fito, ta gaya wa ƴaƴanta. Idan kuma jini ya ɓalle wa mai jego, a bar dutsen a wuyanta, a nemi mota.