Cizon haƙora cikin barci: Yadda yake cinye haƙori mai shi bai sani ba

Galibin masu cizon haƙora cikin barci ba su san suna yi ba, sai miji ko mata ko abokin kwana ya yi ƙorafin ƙarar da ke hana shi runtsawa. Likitoci na kiran wannan matsala buruksizim, kuma illarta ta wuce damun na kusa.

Ɓawon da ya lulluɓe haƙori, wato inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma kaurinsa bai wuce kimanin milimita 2.5 ba ko a inda ya fi kauri. Idan ya goge ba ya sake tsirowa. Yayin da haƙoran sama da na ƙasa ke gogar juna dare bayan dare, sai tsinin fiƙa da saman turame su baje. Daga nan sai dentin da ke ƙarƙashi ya bayyana. Shi kuwa ya fi laushi, don haka ya fi saurin cinyewa, kuma shi ke sa mutum jin zogi in ya sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi.

Lamarin ya fi muni idan ya haɗu da tsami. Lemon kwalba da ruwan ciki da ke tasowa ga masu ƙwannafi suna tausasa inamel, gugar dare kuma ta ƙarasa shi.

Sauran alamomin sun haɗa da tashi da ciwon muƙamuƙi, ciwon gefen kai da safe, da tsagewar haƙori.

Masana na danganta matsalar da damuwa, shan taba sigari, barasa, sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da goro, wasu magungunan ciwon damuwa, da kuma ɗaukewar numfashi cikin barci da ke tafiya da minshari mai ƙarfi. Ta fi yawa ga yara, kuma da dama kan daina in sun girma.

Likitan haƙori kan auna bakin mutum ya haɗa masa wata roba da zai riƙa sanyawa lokacin kwanciya. Robar ba lallai ta hana cizon ba, amma ita za ta riƙa cinyewa maimakon haƙoran. Rage goro da shayi da daddare ma na taimakawa.

Duk wanda aka ce yana cizon haƙora, gara ya je a duba shi tun da wuri, domin kuɗin roba bai kai na gyaran haƙorin da ya riga ya tsage ba.