Ƙarin Yatsa Ba Maruru Ba Ne, a Daina Kai Shi Gaban Aska

Manomin Boko ko Kusada bai cika damuwa da ɗan kullutun da ya fito masa a gindin yatsa ba. Ba ya zogi, ba ya ruwa, bai hana shi riƙe fartanya ba, don haka sai a ce kanta ce ta aiki. Sai an shekara ana tare, kullutun ya kai girman ƙwayar gyaɗa, yatsa ya fara ƙin lanƙwasawa, sannan a tuna da wanzami. A nan ɓarnar take somawa.

Jijiyoyin da ke jan yatsu kamar igiya suke, kowace tana zirga-zirga cikin wani kube mai santsi. A jikin kuben nan ne wani ƙari mai tauri kan tsiro, wanda likitoci ke kira faiburoma. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa sauran sassan jiki. A shekarar 1979 wasu likitocin Amurka biyu, Chung da Enzinger, suka wallafa nazarin mutum 138 masu wannan ƙari. Yawancinsu maza ne, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 50, wato ƙarfafan gida. Ya fi fitowa a babban yatsa da manuniya da na tsakiya, da tafin hannu da wuyan hannu, kuma da wuya ya wuce santimita 2.

To, in ba ya kisa, me ya sa ake maganarsa? Saboda wurin da ya zauna. Maruru da ɗan karkare suna da mugunya. Wannan kuwa dunƙulen nama ne manne da kube, ga jijiyoyin jini da na jin taɓi a gefensa, sirara kamar zare. Tsaga ko sakiya ba za su fitar da komai ba. Abin da za su iya yi shi ne su shigar da ƙwayar cuta cikin kuben, ko su datse jijiya, yatsan da a da yake aiki ya sandare har abada. Ba raina sana'ar wanzamai nake yi ba, tana da gurbinta, amma cikin yatsa ba fagenta ba ne. Ko a hannun likitoci, kusan kashi 24 cikin 100 na waɗanda aka bi sawunsu a wancan nazarin ƙarin ya sake dawo musu, balle a hannun mai aska.

Akwai kuma abin da ido ba ya rarrabewa. Wani kullutun jakar ruwa ce mai yauƙi, wani ƙari ne na daban mai kama da wannan, jefi-jefi kuma akan sami mugu. Shi ya sa duk abin da aka cire ya kamata a kai shi ɗakin gwaji, kada a jefar. Mai kullutu ya nemi sakamakon, haƙƙinsa ne.

Hanya ba ta da nisa. Daga Boko a fara da Babban Asibitin Kankiya. In aikin ya fi ƙarfinsu, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, waɗanda gobe su ne a ɗakunan shan magani na ƙauyuka, su riƙe wannan: kullutu mai tauri a yatsa na turawa gaba ne, musamman in yana saurin girma ko yatsan ya fara mutuwa.